Sikila a Kwatano: Aikin Farfesa Rahimy da Yaran da Suka Rayu

Manyan garuruwa da dama na bakin teku a Afirka ta Yamma suna da Zangonsu. Na Kwatano, babban birnin ciniki na Jamhuriyar Benin, yana tsakiyar gari, an kuwa san shi da babban masallacinsa. Fatake da 'yan ci-rani daga ƙasar Hausa da ta Dandi da ta Zabarma ne suka sauka a wurin, waɗansu saboda cinikin dabbobi, waɗansu saboda tashar jiragen ruwa wadda kayan Nijar suka daɗe suna bi ta cikinta. Suka yi aure, suka hayayyafa, baƙunta ta zama zaman gida. Cikin abubuwan da suka zo da su daga arewa akwai wani wanda ba a ɗaure shi a kaya, ba a kuma biya masa kuɗin fito ba, gama a cikin jini yake. Da suka iso suka tarar Fon da Yarabawa, masu ƙasar, su ma suna da shi. Wannan abu shi ne gādon cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini.

Tun kafin a san asibiti mutane sun lura da gidan da ake haihuwa ana binnewa. Bahaushe yana ce da yaron irin wannan gida ɗan wabi, yakan raɗa masa suna kamar Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Bayarabe da Bafon suna cewa abiku, watau yaron da ya zo domin ya koma. Ba kowane wabi ba ne sikila, gama ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun ɗebi nasu rabo. Amma cikin waɗannan yara akwai da yawa da hannuwansu da ƙafafunsu sukan kumbura tun ba su yi shekara ɗaya ba, idanunsu su yi rawaya kamar masu shawara, in sanyin hunturu ko damina ya sauko su kwana suna kukan ciwon ƙashi. Sau da yawa uwa ce ta sha zargi. Aka ce nononta ne, ko maita ce, ko kuwa wani laifi ne na kakanni.

Likitan Afirka ta Yamma Africanus Horton ya kwatanta irin wannan ciwon ƙashi mai zuwa da sanyi a littafinsa na 1874. Amma sai a 1910 ne wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya buga labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada wanda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. Daga kalmar Turanci ta lauje ne sunan sikila ya fito. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa aibin yana cikin himogulobin, watau jan sinadarin da yake ɗaukar iska mai kyau daga huhu zuwa sauran jiki. A wannan shekara kuma aka tabbatar da yadda ake gādon cutar. Kowane mutum yana karɓar rabo biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya karɓi A da S lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da irin. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haifar SS. Ashe zargin uwa ita kaɗai zalunci ne, rabin abin daga uba ya zo. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa mai AS yakan tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro fiye da mai AA, wannan ne kuwa ya sa irin ya yawaita a ƙasashen sauro. Zuwa 1957 Vernon Ingram a Ingila ya gano ainihin wurin da aka sami canjin. Sarƙar sinadarin tana kama da duwatsun wuya 146 a zare ɗaya, na shida ne kaɗai ya sāke. Dutse ɗaya tak, ga kuwa irin wahalar da ya jawo.

A 1984 sunan ƙasar Benin ya shiga wannan tarihi. Waɗansu masana na Faransa da Amurka, cikinsu har da Josée Pagnier da Dominique Labie da Ronald Nagel, suka gwada jinin masu sikila daga Benin da Senegal da Afirka ta Tsakiya. Suka ga canjin ɗaya ne a ko'ina, amma alamun gādo da suke kewaye da shi sun bambanta, kamar yadda shanu iri ɗaya sukan zo kasuwa kowane garke da tambarinsa. Suka ba kowane tambari sunan inda aka fi samunsa: na Benin, na Senegal, na Bantu. Daga baya aka ƙara na Kamaru da na Larabawa da Indiya. Na Benin ne ya fi yawa a Benin da Nijeriya da maƙwabtansu. Abin mamaki shi ne, shi ɗin ne ake samu a Aljeriya da Tunisiya, har tsibirin Sisili da Girka da Turkiyya, abin da masana suka danganta da tsofaffin hanyoyin ayari na hamada da cinikin bayi da aka yi ta kansu. Shi ne kuma ya fi yawa a cikin baƙar fatar Amurka da Jamaika. Wanda ya san Wida, tashar bayi wadda take kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, ba ya bukatar a faɗa masa yadda irin ya ƙetare teku. Masanan 1984 sun ɗauka canjin ya auku sau da dama a wurare dabam dabam. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Nijeriya ne, suka kawo hujja cewa sau ɗaya ya auku, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, tamburan kuma daga baya suka rarrabu. Waɗansu masana sun ba shi shekaru fiye da haka.

Duk wannan ilimi ne mai daraja, sai dai bai hana yara mutuwa ba. Hasali ma ya haifar da wani zato, cewa sikilar Afirka ta fi ta sauran duniya muni ne saboda irin tambarin da take ɗauke da shi, don haka babu abin yi. Abin da aka gani a ƙasar Hausa ya ƙarfafa masu wannan zato. Cikin shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a jihar Kano ta lokacin, Jigawa ta yanzu. Alan Fleming, masanin jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen, suka buga sakamakon a 1979. Kimanin jarirai 2 cikin 100 aka haifa da SS. Amma da aka duba manya, da ƙyar aka sami mai SS a cikinsu. Ba warkewa suka yi ba. Mafi yawansu sun mutu kafin su kai shekara biyar, ba tare da kowa ya san sunan abin da ya kashe su ba.

A cikin wannan hali ne Mohamed Chérif Rahimy, likitan yara kuma masanin cututtukan jini, ya fara aikinsa a babban asibitin koyarwa na Kwatano, wanda yake ɗauke da sunan Hubert Maga, shugaban ƙasar na fari. Daga Zango zuwa asibitin ba wata tafiya ba ce. A Benin kimanin mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da S, kimanin ɗaya cikin goma kuma da wani irin da ake kira C, wanda in ya haɗu da S yakan ba da cutar SC. Lokacin kuma ba na wadata ba ne. Ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga mulkin Mathieu Kérékou na gurguzu ba, baitulmali ya bushe, sai da aka yi babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 a ƙarƙashin jagorancin Bishop Isidore de Souza aka sāke tsari. Rahimy ya soma ɗaukar yara a shirinsa ran 1 ga Yuli 1993. Wata shida bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, duk maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya yi tsada ƙwarai. Mutumin da ya kafa shirinsa a kan na'urori da magunguna masu tsada da ya rufe ƙofa a wannan shekara.

Shi kuwa a kan iyaye ya kafa nasa. Ana koya musu abin da sikila take, a maimaita, a sāke maimaitawa, duk sa'ad da suka zo. Ana nuna musu muhimmancin zuwa a ranar da aka ɗiba musu ko da yaron lafiyarsa ƙalau, da kyautata abincinsa daga abin da ake samu a kasuwa. Ana ba yaron rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayar cutar da take kawo ciwon huhu da sanƙarau. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne, sikila takan lalata saifa tun yaro yana ƙarami, saifa kuwa ita ce matatar da take kama waɗannan ƙwayoyi, don haka zazzaɓin da wani yaro zai kwana biyu ya tashi yakan kashe mai sikila cikin yini guda. Ba Rahimy ne ya ƙago waɗannan dabaru ba. A Jamaika Graham Serjeant ya riga ya bi jarirai tun daga 1973, ya koya wa iyaye mata su riƙa lallaɓa cikin yaro su ji ko saifa ta kumbura. A Amurka kuma an nuna a 1986 cewa shan fenisilin kullum yana rage wannan muguwar cuta da kashi 84 cikin 100. Abin da ba a sani ba shi ne ko haka za ta yiwu a garin sauro da talauci, inda mutane da yawa suka gaskata cutar ta iskoki ce.

Amsar ta fito a 2003 a mujallar Blood, ɗaya daga cikin manyan mujallun masana jini na duniya, da sunan Rahimy da Annick Gangbo da Eusèbe Alihonou da sauran abokan aikinsu na Kwatano. Sun bi yara 236 masu SS daga Yulin 1993 zuwa ƙarshen 1999. Ba masu sauƙin ciwo aka zaɓa ba, waɗanda cutar ta riƙa kayarwa a kai a kai ne. Cikinsu 184, watau kashi 78 cikin 100, suka sami sauƙi a fili: tashin ciwo ya ragu, suka yi ƙiba, suka yi tsawo. Saura 52 ba su ci gaba ba. A nan ne aikin ya nuna irin halinsa, gama ba a ce waɗannan jininsu ne ya fi muni aka bar su ba. Aka koma wurin iyayensu aka sāke zama da su, aka sāke ƙarfafa su su bi ƙa'ida. Sai 22 daga cikin 52 ɗin su ma suka farfaɗo. Yara 10 suka rasu cikin shekarun nan shida da rabi, yawancinsu daga cikin 52 ɗin ne. Irin da yake cikin jinin yaran bai sāke ba ko kaɗan daga ranar da suka shigo. Tambarin Benin yana nan yadda yake. Don haka masanan suka ce ba gādo kaɗai ne yake sa sikila ta yi tsanani a Afirka ba.

Shekara uku kafin wannan, a 2000, sun riga sun buga abin da suka gani ga mata masu ciki. An daɗe ana ganin cikin mai sikila kamar hukuncin kisa ne, har akan hana ta aure. Suka bi mata 108, 42 masu SS, 66 masu SC, da irin wannan hanya ta koyarwa, da abinci, da rigakafin zazzaɓi, da saurin gano ƙwayoyin cuta, ba sa kuma ƙarin jini sai ya zama tilas. Wannan taka-tsantsan yana da dalili a shekarun da ƙanjamau yake yaɗuwa, jini mai tsabta kuma yana wuyar samu. Mata 2 suka rasu, watau kashi 1.8 cikin 100, alhali na dukan matan da suke haihuwa a wannan sashe kashi 1.2 ne. Cikin 'ya'ya 111 aka rasa 13.

Sashe na uku na aikin shi ne gwajin jarirai, wanda Kwatano ta fara tun 1993, kafin Kumasi ta Gana ta fara nata a 1995 a hannun Kwaku Ohene-Frempong. Babu kuɗin gwada kowane jariri, saboda haka aka bi ta hannun ungozomomi. A manyan ɗakunan haihuwa biyu na birnin aka horar da waɗansu, su gano masu cikin da suke ɗauke da irin a wurin awo, su yi ta yi musu bayani har uwar da kanta ta roƙi a gwada jaririnta. Ba a tilasta wa kowa ba. Bisa ga rahoton da aka buga a 2009, kusan kashi 80 cikin 100 na matan da aka yi wa bayani suka nemi gwajin, kashi 85 cikin 100 na jariran da aka samu da cutar suka shiga shirin, fiye da kashi 80 kuma suna zuwa har bayan shekara biyar. Mutuwar waɗannan yara kafin shekara biyar ta gaza ta sauran yaran ƙasar har ninki goma. Mai karatu ya riƙe wannan adadi da hankali. Yaran birni ne, iyayensu mata sun haihu a asibiti, sun kuma yarda da kansu, don haka gwada su da yaran ƙauyen Borgu ko Atakora ba awo ɗaya ba ne. Haka kuma binciken 2003 bai ajiye wani rukuni a gefe ba tare da kulawa ba don kwatanci, abin da lamiri ma ba zai yarda da shi ba. Duk da haka wanda ya sa lissafin Garki kusa da na Kwatano ya san an yi tafiya mai nisa. Masu tsara shirin sikila a ƙasashen Afirka sun yi ta kafa hujja da waɗannan takardu uku. Daga baya Rahimy ya haɗa kai da masana na Kanada, suka bincika ƙwayoyin halittar yaran Kwatano don a gane abin da yake sa ciwon wani ya fi na wani, suka buga a 2014.

Maganin da ya zo ya ƙara wa wannan kulawa ƙarfi daga ɗakin masu ciwon daji ya fito. Sunansa haidiroksiyuriya. An fara haɗa shi a Jamus a 1869, ya yi kusan shekara ɗari ba a san amfaninsa ba, sai cikin shekarun 1960 aka fara ba masu sankarar jini, gama yana rage saurin rabuwar ƙwayoyi a cikin ɓargo. Tun a 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura jarirai masu sikila ba sa ciwo a watanninsu na fari, domin suna da sauran irin himogulobin na cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa. A 1984 Orah Platt da abokan aikinta suka nuna maganin nan na sankara yana sa ɓargo ya koma yin wannan himogulobin na jarirai. A 1995 Samuel Charache ya gwada shi a kan manya 299, tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, har aka tsai da gwajin kafin lokacinsa domin kowa ya samu. Amurka ta amince da shi don sikila a 1998. Ko warkewa ta farko daga sikila ma ta hanyar sankara aka same ta. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya mai shekara 8 a Amurka wadda take da sikila da sankarar jini gaba ɗaya, aka yi mata dashen ɓargo saboda sankarar, sikilar ma ta tafi.

Afirka ta jira fiye da shekara ashirin kafin a gwada maganin sosai a kan yaranta. Likitoci sun ji tsoro kada maganin sankara ya raunana yaron da sauro da yunwa suke kewaye da shi. A 2019 aka buga sakamakon gwaji a kan yara kimanin 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda. Ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu. Ƙasar Hausa ta ba da nata rabo a 2022. Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci da abokan aikinsu, tare da Michael DeBaun na Amurka, suka bi yara 220 a asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna. Yara ne waɗanda awon gudun jini a ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi wa irinsu kowane wata, abin da ba ya yiwuwa ga yawancin iyalai a Kano. Aka ga ko ƙaramin awo na maganin, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza miligiram 20 ba wajen tsare su daga shanyewar, ko da yake masu babban awon sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Sanin yadda ake gādon cutar ya shiga har cikin sha'anin aure. Ikilisiyoyi da yawa a Nijeriya suna neman takardar gwajin jini kafin a ɗaura aure, jihar Kano kuma ta mai da gwajin doka a 2024. Yin gwajin da wuri, tun kafin iyaye su shiga magana a kai kaya, ya fi yinsa ana saura mako biyu biki, sa'ad da kunya da asarar kuɗi sukan sa waɗansu su nemi takardar ƙarya. Akwai kuma wani abin lura. Inda aka mai da dukan magana a kan hana haihuwar mai sikila, waɗanda aka riga aka haifa sukan ji kamar su kuskure ne, ana nuna su da baki a makaranta da wurin neman aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a Nijeriya kaɗai. Waɗannan sun riga sun iso, gwajin aure ba zai amfane su da kome ba. Irin aikin Kwatano ne yake dubansu.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani sabon magani mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a gyara umarnin gādo da yake cikinsu domin su koma yin himogulobin na jarirai, a ba shi wani maganin sankara mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, sa'an nan a mayar masa da gyararrun. Abin da Janet Watson ta gani a 1948 ne aka bi har aka kai nan. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.